Shekarar da Dangana Ya Koya Mini Shuka

Da sunan Allah na ɗauki alƙalamin nan, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa. Bayan haka, ku ɗiyana, ni ne ubanku Haliru mai lambu na Ƙofar Kware. Idona ya fara hazo, hannuna ba ya riƙe alƙalami sai da rawa, amma akwai maganar da ba na so in shiga kabari in bar ta a karkace. Kun taso kuna jin ana cewa bappanku Ladan ya cuce ni wurin rabon gado, ya riƙe gidan ubanmu na cikin birni, ya turo ni bakin gulbi da tsohon bawa da ɗan filin lambu. Na ji ɗayanku yana faɗa wa ɗansa haka, na kuma lura ba ku taka gidan ɗiyan Ladan sai in an yi mutuwa. Laifina ne da na yi shiru tsawon shekarun nan, domin labarin da kuke faɗa ya fi gaskiyar yi mini daɗi. To, ga yadda abin ya kasance.

Ubanmu bafataken jar fata ne, gidansa kusa da kasuwa yake, mu biyu ne maza da ya bari, Ladan babba, ni ƙarami. Yana da lambu a fadama, bayan ganuwa, inda gulbi ke janyewa da kaka ya bar baƙar ƙasa mai laima. Mai kula da lambun shi ne Dangana, bawan gidanmu, wanda aka kawo daga ƙasashen kudu yana saurayi tun ba a haife ni ba. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, da tsagen da ba irin namu ba a kumatunsa. Ba ya yawan magana. Shi ya ɗauke ni a wuya ina yaro, shi ya raka ni makaranta ranar farko, kuma duk miyar da na sha a gidan nan daga hannunsa ganyenta ya fito. Amma ni dukanci aka sa ni koyo, na iya basilla da wuƙar fata, ban san lambu ba sai wurin zuwa a tsinki abin ci.

Ubanmu ya rasu a tsakiyar damina, ina da amarya, uwarku Hajo, da ƙaramin ciki. Da kaka ta kama aka kira malamin da zai raba gado. Ya zauna a zaure ana faɗa masa abin da mamaci ya bari yana rubutawa, gida, fatu, jakuna, lambu. Sai na ji an ce, da Dangana. Na san bawa ne tun ina yaro, amma ban taɓa jin an ambace shi daga bayan jakuna ba, sai ranar. Da malamin ya tafi, Ladan ya kira ni gefe.

"Haliru, lambun ga ba mu iya shi ba, ni da kai. Akwai wani attajiri na gabas da ka neman wanda ya san albasa, za shi kai shi rinjinai, ƙauyen da bayinai ka noma. Ya yi ma Dangana tayi mai kyau. A miƙa ma wani lambun, a ba attajirin Dangana, mu raba abin da ya samu, mu riƙe sana'ar Baba."

Na ce, "Yaya, tsoho na fa."

Ya ce, "Can ma tuwo za a ba shi. Ni ban ƙi shi ba, amma gida cike da baki na gada."

Ku lura da kyau, ba mugunta ta sa ya faɗi haka ba. Haka ake yi a garin nan, ba wanda zai zarge shi, kuma nauyin Inna, uwarmu, da matansa da ƙannen ubanmu duk a kansa ya faɗo.

Washegari da safe na fita ta Ƙofar Kware na gangara fadama, wai in gaya wa Dangana da bakina kada ya ji a bakin wani. Na tarar da shi tsugune a cikin fangali, wato ɗan kewayen ƙasa da ake yi wa gyaffa don ya riƙe ruwa, da ƙwarya a gefensa cike da irin guro, wanda mutanen gabas ke ce wa kuɓewa. Ya jiƙa irin tun jiya, ya kumbura. Yana soka yatsa a ƙasa iyakar gaɓa ɗaya, ya jefa ƙwaya uku, ya rufe da gefen hannu, ya matsa gaba taki guda. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na tsaya ina neman ta inda zan fara.

Ya ce, "Na jiya, Haliru. Tun jiya na jiya."

Na ce, "To, Baba Dangana, mi kaka shuka, tunda ba kai za ka tsinka ba?"

Ya ce, "Laimar yau ta. In ɗari ya sauka guro ba shi hitowa da daɗi. Kuma shi ba albasa ba na da za a ce a raine shi wani wuri a dasa. Inda za shi zama nan aka sa shi. Wanda duk ya gaji wurin shi samu abin miya."

Ya ci gaba da soka yatsa. Na dubi ƙeyarsa duk furfura, na dubi layin ramukan da ya rufe, a miƙe kamar an ja da zare. Ban yi shawara da kowa ba, ban ko yi da kaina ba.

Na ce, "Ba a kai ka ko'ina. Ni za ni ɗaukar ka cikin rabona, kai da lambun. Kuma ranar da ka zama nawa, ranar nika 'yanta ka. Allah na shaida."

A nan ya ɗago. Ya dube ni ya ce, "Allah ya jiya." Ya koma shukarsa.

Da aka zauna rabo na faɗi abin da nake so. Malamin ya bayyana mini cewa in na ɗauki lambu da Dangana, to bayan an fitar da na Inna, gida da fatu sun zama na Ladan. Na ce na yarda. Ladan ya tambaye ni sau uku a gaban mutane, sau uku na ce na yarda. Bayan an watse ya kama hannuna ya ce ɗakina ɗakina ne, in zauna har iyakar raina. Ni na ƙi. Girman kai ya hana ni kwana a gidan da ba ni da ko taki a ciki, na nemi wani kango kusa da ƙofar gari, muka yi masa jinka, na kwaso uwarku da cikinta muka tare. Ba wanda ya kore ni. Ku riƙe wannan.

Yanzu ga inda nake jin kunya. Ranar da Dangana ya zama nawa ban 'yanta shi ba. Na gangara lambu da niyyar in faɗa, sai na tarar guron ya tsago ƙasa, kunnuwa biyu biyu, ga fangali da yawa ba a shuka ba tukuna, ga jigo yana jiran mai jan ruwa. Na dubi hannuwana, ban san ko ɗaya daga aikin nan ba. Na ce a raina, in na sake shi yau ya tafi, wa zai nuna mini? Bari dai in koya tukuna. Ya tarye ni da gaisuwa, sai na ji ya ce mini Maigida. Mutumin da ya goya ni. Tun daga ranar bai sake kiran sunana ba, ni kuma ban ce ya daina ba.

Ya koya mini shuka kamar mai gudun kada rana ta faɗi. Ba ya yarda in tsaya ina kallo, komai sai na yi da hannuna. Ya nuna mini yadda ake farfasa hoge har ƙasa ta yi laushi kamar gari, a cuɗa ta da takin awaki wanda ya ruɓe, a shayar da fangali kwana ɗaya kafin iri ya shiga. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, sai ya sa na gauraya shi da yashi da ɗan toka don kada ya taru wuri ɗaya kuma kada tururuwa ta kwashe, in watsa, in bi da reshe in share sama-sama. Kabushi kuwa rami ake yi masa mai faɗi a gefe, inda zai samu wurin yaɗo. Rama a jere bakin hanyar ruwa. Can jikin shinge yakan zuba irin lalle da na ɗoɗɗoya, wai don ƙanshin furensu in iska ta kaɗa da la'asar. Ita ɗoɗɗoya ba a rufe ta da ƙasa, da tafin hannu ake danna ta kawai. Na ce masa wannan ai ba ta shiga kasuwa.

Ya ce, "Ba duka aka kai ma kasuwa ba, Maigida. Mai jan jigo ma shina son abin da za shi shaƙa."

Ranar da na fara ban ruwa na juye guga da ƙarfi a kan sabuwar shuka, ruwan ya kwashe irin ya tara a kusurwa. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauko tsintsiyar kaba ya shimfiɗa a bakin fangali, ya sa na zuba ruwan a kanta yana sauka a hankali. Da guro ya kai tsawon yatsa ya sa na tsuguna in cire biyu in bar ɗaya a kowane rami. Hannuna ya ƙi, ina ganin duk masu rai ne, kore shar. Ya ce in na bar su uku ba wanda zai yi 'ya'ya. Na cire. Duk wannan ina gane abin da yake yi. Shirya ni yake don ranar da ba ya nan. Kuma gwargwadon yadda na gane haka, gwargwadon yadda na ƙara jan ƙafa. Na ce sai guro ya yi fure. Ya yi fure, rawaya mai jan ciki, na ce sai an fara tsinka. Aka fara tsinka, na ce sai Hajo ta sauka.

A gida murya biyu nake ji. Uwarku, Allah Ya jiƙanta, tsoro ne ya cika ta, kuma tana da gaskiyarta. Na gaya mata alkawarin, sai ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi.

"Malam, ka fid da ni gidan da ka da rumbu, ka kawo ni kango, na yi shiru. In tsohon ga ya tahi, mi za mu ci, ni da abin da ka cikina? Ka bari dai shekara ta zagayo."

Inna kuwa takan zo mana duk Juma'a daga gidan Ladan. Wata rana na raka ta har ƙofar gari, sai ta tsaya ta dube ni.

"Auta, an ce mini ka yi ma Dangana magana."

Na ce, "Shi ya hwaɗa miki?"

Ta ce, "Shi ba shi hwaɗi. Ga huskarka na gani. Ubanka ma ya taɓa ce mishi haka, shekarar da anka haihe ka, har ya mutu shina cewa baɗi. Kada ka gaji wanga ma."

Ban taɓa sanin haka ba. Na koma gida, amma ko da wannan ban 'yanta shi ba. Aka haifi yayarku Asma'u, aka yi suna, Dangana ya kawo kwando cike da guro da alayyahu aka yi miyar suna da su, ya zauna can bakin ƙofa inda bayi ke zama.

Da bazara ta yi zafi, gulbi ya janye ya koma kamar zare, sai zazzaɓi ya kama shi. Na je da safe ban ji kukan jigo ba. Na tarar da shi kwance a bukkarsa ta bakin lambu, jiki kamar garwashi, leɓɓa sun tsattsage. Kwana huɗu ina kai masa kunu ba ya sha. A na biyar da hantsi na ɗaga kansa in ba shi ruwa, ya buɗe ido, bai gane ni ba, yana magana da wani harshe da ban taɓa ji a bakinsa ba. Na zauna a ƙasa. Na ga cewa in ya mutu yau, bawa zai mutu, ni kuma zan tashi gaban Allah da shaidar da na kira da bakina. Na bar shi na ruga cikin gari ba ko takalmi, na ɗauko limamin unguwarmu da maƙwabta biyu. Muka tsuguna a ƙofar bukka na ce su shaida, na 'yanta Dangana don Allah, ba sharaɗi, ba fansa. Liman ya rubuta a takarda. Shi wanda ake yi dominsa bai ma san ana yi ba. Wannan shi ne alherin da kuka ji ana yabona da shi. Sai da na ga zan rasa shi ko ta yaya sannan na sake shi.

Allah Ya tashe shi. Bayan kwanaki ya fara zama, na nuna masa takardar, liman ya karanta masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe ta a kan gwiwa har rana ta karkata. Na yi zaton shi ke nan, zai zauna da mu, ga tsufa, ga rashin ƙarfi, ina zai je? Amma da hadari ya fara haɗuwa, ya same ni ina gyaran shinge.

"Haliru, akwai ayarin da za su kudu bayan ruwan hwari. Za ni bin su."

Sunana ya kira, karo na farko tun kaka. Amma ban ji daɗinsa ba, fushi na ji. Na ce masa na bar gidan ubana dominsa, na bar sana'ata, matata tana kwana a kango. Na ce shekara nawa rabonsa da can, wa ya rage da zai san shi? Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Gaskiya ta, ka yi hasara domina, kuma ban mance ba. Wataƙila ba kowa can. Amma akwai wani dutse bayan garinmu, ina son in gan shi. In na zauna nan don kunyarka, to ba ka sake ni ba ke nan."

Kwana biyu ban yi masa magana ba. A na uku na ɗauko basillata da guntun jar fata da ya rage mini, na naɗe takardar 'yancinsa na ɗinke ta kamar laya, ɗinki biyu, don kada ruwa ya shige ta, domin na san hanya, mutum mai irin tsagensa in ba shi da shaida wani sai ya sake kama shi. Shi kuma ya sauko da gorunan iri daga rufin bukka, ya nuna mini kowanne, ya sa na shinshina, na taɓa, har na iya rarrabe su ido rufe. Ya ɗebi kaɗan-kaɗan ya ƙulle a tsumma, sauran ya bar mini.

Shekarar da ta biyo ita ce mafi wuya a rayuwarmu. Da gulbi ya janye na yi shuka ni kaɗai. Na zurfafa alayyahu bai fito ba. Na makara da guro, ɗari ya same shi a ƙasa, rabinsa ya ruɓe. Na sake shukawa, tururuwa ta kwashe don na manta da toka. Uwarku ta yi kaɗi har yatsunta suka fashe, ta sayar da tasoshin aurenta ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, ko da yake na gan shi a idonta. Abin da ya riƙe mu shi ne damin hatsi da Inna ke sa a kawo mana, tana cewa daga rabonta ne. Sai bayan ta rasu na san rabonta ya ƙare tun tuni. Daga rumbun Ladan yake fitowa, shi ya ce kada a gaya mini, don ya san ba zan karɓa ba. Wannan shi ne mutumin da kuke cewa ya cuce ni. Na san haka shekaru kafin ya mutu, ban kuma je na gode masa ba. Ku je ku gode wa ɗiyansa a madadina, tun ina da rai in ji kun je.

A shekara ta uku hannuna ya faɗa, lambu ya karɓe ni, da shi na ciyar da ku duka. Dangana kuwa ban sake jin labarinsa ba. Duk ayarin da ya dawo daga kudu sai na je zango na tambaya, ba wanda ya san inda ya rabu da su. Ban san ko ya kai ba.

Abu ɗaya ya rage. Ranar tafiyarsa na raka shi har bayan gari, inda ayarin ke ɗaure kaya da hantsi. Da muka zo rabuwa ya ce mini Dangana ba sunansa ba ne, ubana ne ya sa masa ranar da ya saye shi. Shekara da shekaru a gidanmu, ba wanda ya taɓa tambayarsa na gaskiya, har ni. Ya faɗa mini sunan da uwarsa ta raɗa masa. Na maimaita, ya gyara mini, na sake maimaitawa, ya yi dariya ya ce na kusa. Ina cikin fushi da baƙin ciki a lokacin, ban rubuta ba, na ce ai ba zan manta ba. Kafin damina ta fita ya ɓace mini. Na neme shi a kaina shekara da shekaru, wani lokaci in ji kamar yana bakin harshena, sai ya koma.

Saboda haka in kuna yi mini addu'a bayan raina, ku haɗa da Ladan, ku haɗa da tsohon nan. Ku ce, wanda ya koya wa ubanmu shuka. Allah Ya san sunansa.

Allah Ya yafe mini jinkirina, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu cika da imani. Amin.